Mai Kyamara A Bayan 'Yan Kwana-kwana

Ran Talata 22 ga watan Yuli na shekarar 1975, Stanley Forman, mai ɗaukar hoto na jaridar Boston Herald American, yana shirin tashi daga aiki ke nan sai labari ya iso ofis cewa gobara ta kama wani gidan bene a titin Marlborough, cikin birnin Boston na ƙasar Amurka. Ya suri kyamararsa ya bi jiniyar motocin kwana-kwana. Da isarsa ya ji ana kiran a kawo motar tsani, wai akwai waɗanda wuta ta rutsa da su ta bayan gida, sai ya bar taron 'yan kallo a bakin titi ya zaga can a guje.

Tsofaffin gidajen bene na biranen Amurka galibi akan kafa musu matakalar ƙarfe a jikin bango ta waje, da 'yar baranda a kowane hawa, domin in wuta ta tare hanyar ciki mutane su sauko ta nan. A kan irin wannan baranda ce, can a hawa na biyar, Forman ya hango wata budurwa mai shekara 19 da wata 'yar yarinya mai shekara 2, sun raɓe a ƙarshen ƙarfen suna gudun zafin da ke fitowa ta taga. Wani ɗan kwana-kwana ya sauko musu daga rufin gidan, ya tsaya ya kare su da jikinsa, yana yi wa mai juya tsani alama da hannu ya matso. Forman ya haye bayan motar tsanin don ya sami wurin gani sosai. A zatonsa hoton ceto zai ɗauka irin wanda aka saba, watau tsani ya iso, a sauko da mutane, gobe jarida ta buga, kowa ya yaba wa 'yan kwana-kwana.

Kyamarar da ke hannunsa Nikon ce mai ɗan inji da ke jan fim da kansa, tana ɗaukar hoto kamar uku a sakan guda muddin yatsa na kan madanni. Tsani ya iso, ɗan kwana-kwanan ya miƙa hannu ya kama shi, a daidai wannan lokaci ne barandar ta ɓalle daga bango. Shi ya tsira yana reto a jikin tsani. Budurwar da yarinyar kuwa suka taho ƙasa tare da ƙarafa da tukwanen furanni. Tsawon wurin ya kai ƙafa 50, faɗowa daga nan kuwa ba ta cika sakan biyu. Yatsan Forman bai bar madanni ba sai da ya gane abin da ke shirin faruwa a gabansa, sa'an nan ya kau da kai, bai ga saukarsu ba. Budurwar ta rasu a ranar. Yarinyar a kanta ta faɗa, da yake da sauran shan ruwanta a duniya, ta rayu.

KA-CE-NA-CE

Washegari jaridar ta fito da hotunan a jere, tun daga inda ake jiran tsani har zuwa inda mutum biyu suke cikin iska. Kamfanonin dillancin labarai suka watsa su, jaridu fiye da 400 suka buga a Amurka kaɗai, ban da na ƙasashen waje. Nan fa aka yi ca a kan editoci. Wasiƙu da kiran waya suka yi ta zuwa, ana cewa wannan rashin imani ne, an mai da mutuwar baiwar Allah abin sayar da jarida, an shiga wa mutum lokacin da bai kamata ido ya gan shi ba. Abin ya kai ga wata marubuciya, Nora Ephron, ta yi dogon sharhi a mujallar Esquire cikin wannan shekara, inda ta nuna cewa jaridu sun saba buga hoton motar da ta wargaje amma su ɓoye wanda ya mutu a ciki, alhali mutuwa na cikin abin da ke faruwa kullum, kuma tayar da hankalin da hotunan suka yi shi ne ya nuna ƙarfinsu.

Masu ƙorafi ba su yi ƙarya ba da suka ce hoton yana da nauyin kallo. Sai dai akwai abin da suka tsallake. Wanda ya dubi hoton da kyau zai ga ba wuta ce ta kashe budurwar nan ba. Ta riga ta tsere wa wuta, mai ceto yana tsaye kusa da ita, tsani ya iso. Ƙarfen da aka kafa musamman don ya cece ta, shi ne ya ci amanarta. Da labari ne kawai aka rubuta, layi huɗu a shafi na ciki, da an karanta an ce Allah ya jiƙanta an wuce. Amma gani ya kori ji. Hukumomin Boston suka tsananta dokar duba matakalan tsira, wasu birane suka bi sahu, masu gargaɗi kan gobara kuma suka daɗe suna amfani da hotunan. A 1976 aka ba Forman lambar yabo ta Pulitzer, wadda ita ce babba a aikin jarida a Amurka, ƙungiyar World Press Photo ta birnin Amsterdam ita ma ta zaɓi hoton a matsayin gwarzon hoto na shekarar 1975.

MAFARIN SANA'AR

Gobara na cikin abubuwan farko da aka auna da kyamara don ba da labari. A watan Yuli na 1853 wani mai suna George Barnard ya ɗauki hoton masana'antun niƙa hatsi suna ci da wuta a garin Oswego na jihar Niyok, a kan farantin tagulla mai rufin azurfa, irin na wancan zamani. Kayan aikin lokacin ba su da hanzarin kama mutum yana gudu da guga, saboda haka gini da hayaƙi ne suka fi fitowa. Sai da aka sami fim mai saurin kama haske da ƙwan walƙiya sa'an nan ɗan kwana-kwana ya shigo cikin hoto da fuskarsa.

Wanda ya yi suna da wannan aiki a birnin Niyok shi ne Arthur Fellig, da aka fi sani da Weegee. A 1938 ya sami izinin ajiye rediyon 'yan sanda a motarsa, yana kwana da kunne a kanta, kayan aikinsa na cikin but, har yakan riga wasu jami'ai isa wurin da abu ya faru. Dabararsa ita ce wani lokaci yakan juya wa wutar baya ya dubi mutane. Cikin hotunansa da aka fi tunawa akwai na 1939, na wasu mata biyu lulluɓe da mayafi a bakin titi a Brooklyn, sun ɗaga kai suna kuka suna kallon gidan da 'yan'uwansu ke ciki. Ko harshen wuta ɗaya babu a hoton, amma duk gobarar tana kan fuskokinsu. Shi da kansa ya ce ya yi hawaye sa'ad da yake ɗauka. Ya tara irin waɗannan hotuna a littafinsa Naked City na 1945.

Ba kullum gwanaye ke dacewa ba. Ran 7 ga watan Disamba na 1946, da tsakar dare, wuta ta kama otel ɗin Winecoff a birnin Atlanta. Bene ne mai hawa 15 wanda ake tallarsa da cewa wuta ba ta cin sa, ga shi kuwa matakala ɗaya tak gare shi a ciki, babu ta tsira a waje, babu famfunan yayyafi a rufin ɗakuna. Tsanin 'yan kwana-kwana bai kai hawan sama ba, mutane suka riƙa ƙulla zannuwan gado suna zurowa, wasu suna faɗowa. Mutum 119 suka halaka. Wani ɗalibi mai suna Arnold Hardy, wanda hoto sha'awa ce kawai gare shi, ya iso da 'yar kyamararsa, da ƙwan walƙiyarsa na ƙarshe ya kama wata mata tana faɗowa ta gaban ginin. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya sayi hotunansa dala 300, a 1947 kuma ya zama mutum na farko da ba ɗan jarida ba da ya ci lambar Pulitzer ta hoto. Matar ta ji munanan raunuka, amma ta rayu. A wannan shekara ta 1947 Shugaba Truman ya kira babban taron ƙasa kan rigakafin gobara, aka sake duba dokokin gina otel-otel.

YADDA AKE AIKIN

Mai kallon jarida yana iya zaton abin sa'a ce kurum, mutum ya iso ya danna. Ba haka ba ne. Gobara ta fi kusan kowane abu wuyar ɗauka, musamman da dare, domin haske da duhu sun haɗu wuri guda, kowanne ya kai matuƙa. In aka bar kyamara ta auna haske da kanta, harshen wuta zai ruɗe ta, ta tsuke ido, wutar ta fito da kyau, ɗan kwana-kwana kuwa ya zama baƙar inuwa. In aka buɗe ido don fuskarsa ta fito, wutar ta zama farin fili ba siffa. Dole mai ɗauka ya zaɓi wanda yake so, ya kuma zaɓa da sauri. Fitilar walƙiya, wadda ake zaton ita ce magani, sau da yawa ɓarna take yi: haskenta yakan bugi hayaƙi da feshin ruwa ya dawo, hoton ya yi fari kamar an ɗauka cikin hazo, ƙyallayen da ke ɗinke a rigunan ma'aikata kuma su yi ta walƙiya su danne komai. Ban da haka ma, walƙiya a idon mutumin da ke kan tsani cikin duhu ba ƙaramin laifi ba ne. Shi ya sa waɗanda suka ƙware sukan dogara da hasken wutar kanta da fitilun motoci, su jingina da bango ko mota don hannu kada ya yi rawa.

A zamanin fim akwai wata wahala kuma. Naɗi ɗaya hoto 36 ne. Mai kyamara irin ta Forman in ya manta yatsa a kan madanni, cikin sakan 12 fim ya ƙare, ya tsaya canji, abin da ya zo nema kuma ya wuce. Saboda haka sai ya riƙa ƙirga saura nawa a ransa. Ba kuma zai san abin da ya samo ba sai ya koma ɗakin wanke hoto. Kyamarorin yanzu sun ɗauke wannan nauyi, suna ɗaukar dubbai, suna gani cikin duhu fiye da na da, amma ba su gaya wa mutum inda zai tsaya.

Inda za a tsaya ɗin nan shi ne rabin sana'ar. Ana tsayawa ta inda iska ke fitowa, hayaƙi ya yi gaba. Hayaƙin gidan zamani ba irin na kara da itace ba ne; katifar soso da roba da fenti in suna ƙonewa suna fitar da iska mai guba wadda ke sumar da mutum kafin ya ankara, ita ce kuwa ke kashe akasarin waɗanda gobara ke ci, tun wuta ba ta taɓa su ba. Ɗan kwana-kwana yana da tukunyar iska a bayansa, mai hoto ba shi da ita. A 2022 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, wanda duk ya saba shaƙar wannan hayaƙi don neman hoto sai ya san da haka. Ba a taka mesa, ba a tsallake ta da ganganci, domin mesar da ruwa ya cika in ta kuɓuce tana iya karya ƙafa. Ba a ajiye mota inda motar ruwa za ta wuce. Ba a tsayawa ƙarƙashin wayar lantarki. Wanda ya san aiki da isarsa yakan nemi shugaban ma'aikatan ya nuna kansa, in an ce ya ja da baya ya ja, ba gardama, don wurin ba nasa ba ne.

Babban abin tsoro shi ne bango. A makarantun kashe gobara ana koyar da cewa a nisanci bangon da wuta ta ci da kimanin tsawonsa ɗaya da rabi, domin in ya tashi faɗuwa ba ya sallama. Kuma ya fi yaudara bayan wuta ta lafa, lokacin da kowa ya saki jiki. A unguwar nan ta Boston da Forman ya ɗauki hotonsa, shekara uku kafin nan, ran 17 ga watan Yuni na 1972, an riga an shawo kan gobarar otel ɗin Vendome, ma'aikata na ciki suna ƙarasa aiki, sai wani sashe na ginin ya rufta, 'yan kwana-kwana 9 suka mutu. Ran 11 ga watan Satumba na 2001, da dogayen benayen nan biyu na Niyok suka rushe, hukumar kashe gobara ta birnin ta rasa mutum 343. Cikin waɗanda suka mutu a gindin ginin har da mai ɗaukar hoto Bill Biggart, wanda ya bi ma'aikatan ya matsa kusa. Daga baya aka tono kyamarorinsa cikin ɓaraguzai, aka sami hotunan da ya ɗauka har zuwa dab da rushewar bene na biyu.

FUSKAR ƊAN KWANA-KWANA

Harshen wuta kowa na iya ɗaukarsa, duk gobara kuma kusan kamarta ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne mutumin da ke cikin hular kwano. Cikin shekarun 1970, sa'ad da birnin Niyok ya shiga matsin kuɗi har aka rage ma'aikatan kashe gobara, unguwannin talakawa na Bronx da Harlem kuwa suna ta ci da wuta, wata mata mai suna Jill Freedman ta ɗauki lokaci mai tsawo tana zama da 'yan kwana-kwana a tasoshinsu, tana bin su duk inda aka kira. Littafin hotunanta, Firehouse, ya fito a 1977. A ciki ana ganinsu cikin hayaƙi, ana kuma ganinsu suna cin abinci, suna wasa da juna, suna zaune a gefen titi bayan an gama, fuska baƙi ƙirin da toka, ido ya faɗa. Irin wannan hoto ba ya samuwa ga wanda ya zo yau ya tafi. Sai an saba da mutum har an daina ganin kyamararsa.

Wani lokaci kuma fuskar takan zo tare da abin da ke da wuyar bugawa. A ƙarshen watan Disamba na 1988, a birnin St. Louis, wani ɗan kasuwa mai sayar da kujeru da gadaje, Ron Olshwanger, ya ɗauki hoton wani ɗan kwana-kwana ya fito daga gidan da ke ci da wuta rungume da yarinya mai shekara 2, ya kafa baki a bakinta yana hura mata numfashi. Jaridar St. Louis Post-Dispatch ta buga, hoton ya ci lambar Pulitzer a 1989, amma yarinyar ta rasu bayan kwana shida a asibiti. A nan ne edita ke auna kansa. Al'adar Bahaushe da addininsa sun girmama suturar mutum, rayayye ko matacce, wannan kuwa ma'auni ne mai kyau ga ɗan jarida. Abin tambaya shi ne, me hoton ya nuna ban da ciwon mai ciwo? Na St. Louis ya nuna mutum yana ba da numfashinsa don ɗiyar wani. Na Boston ya nuna sakacin da za a iya gyarawa. Hoton gawar da ta ƙone an shimfiɗe ta a ƙasa, wanda ba ya nuna komai sai ita, ba shi da hujja, ko da zai sayar da jarida dubu.

A NAN GIDA

Ƙasar nan ba baƙuwar manyan gobara ba ce. A watan Janairu na 1983 wuta ta kama ginin NET da ke Marina a Ikko, bene mai hawa 32 wanda a lokacin babu kamarsa tsawo a Nijeriya, kuma nan ne cibiyar sadarwar ƙasa da ƙasashen waje. An yi ta zargin cewa da gangan aka cinna ta don a ɓatar da takardun kuɗi, kamar yadda aka zargi wasu gobara na gine-ginen gwamnati a waɗannan shekaru. Ran 9 ga watan Janairu na 1985 kuma Cocoa House na Badun, mai hawa 26, wanda aka gina da kuɗin koko aka gama a 1965, shi ma ya ƙone, bai koma aiki ba sai 1992. Wanda ya tuna waɗannan ranaku, abin da ke zuwa masa a ido shi ne dogon gini da baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama. Ɗan kwana-kwana ba ya cikin abin da ake tunawa.

Akwai dalili. Tsanin mota na yau da kullum bai wuce ƙafa 100 ba, watau da ƙyar ya kai hawa na goma. Gobarar da ke sama da nan daga ciki ake yaƙarta, ma'aikata su hau matakala da ƙafa ɗauke da kaya, su haɗa mesa da bututun ruwan da aka gina tare da benen, in yana aiki. Mai kyamara da ke tsaye a titi ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da zai iya kamawa shi ne shigarsu da fitowarsu, shi ma sai in ya san ƙofar da zai tsare, ya kuma haƙura ya bar hayaƙin sama wa sauran.

Gobarar da ta fi taɓa talaka kuwa ta kasuwa ce, musamman da hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa komai ya bushe. A watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone, dubban shaguna suka tafi. Irin wannan in ta faru, maganar da ke fara yawo ita ce 'yan kwana-kwana sun makara, ko sun zo ba ruwa, har akan kai ga jifansu da farfasa musu mota. Wani lokaci ƙorafin gaskiya ne. Amma akwai lissafin da mai jifa bai yi ba. Motar kashe gobara ruwan da take ɗauka lita dubu kaɗan ne, mesa guda kuwa tana iya zubar da lita 500 a minti ɗaya. In an ɗauka tankin na lita 4,000 ne, cikin minti 8 ya ƙare. Daga nan sai famfon gobara na bakin titi, in babu shi ko ya ƙafe, dole mota ta juya ta tafi ɗebo wani, wuta kuwa ba ta jira. Wanda ya iso a minti na goma ya ga mesa a kwance, shi zai rantse da Allah cewa ba su zo da ruwa ba.

To, a nan ne mai ɗaukar hoto na jarida yake da aikin da ba wanda zai yi masa. In ya tsaya inda kowa ya tsaya ya ɗauki jan harshen wuta a kan rufin kwano, ya kawo wa edita abin da aka riga aka gani sau ɗari, mai karatu ya yi salati ya juya shafi. In kuwa ya zaga baya kamar yadda Forman ya zaga, zai tarar da motar ruwa ta tsaya cik a bakin layi saboda an kafa tebura da rumfuna a hanyar da aka bari dominta. Zai tarar da famfon gobara an gina shago a kansa. Zai ga wayoyin lantarki a cukurkuɗe kamar saƙar gizo, da jarkokin fetur a bayan kanti kusa da janareta. Zai ga ma'aikaci ya tunkari hayaƙi ba tukunyar iska, wani ma ba takalmin kirki. Hoton kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nuna mai laifi da yatsa ba tare da an ambaci suna ba, kuma ba ya musantuwa a gaban kwamitin bincike. In kuma ma'aikatan ne suka yi sakaci, hoton da ke ɗauke da lokacin da aka ɗauke shi zai nuna hakan, babu sani babu sabo.

Tun 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya, jihohi kuma suna da nasu. A wasu manyan biranen duniya irin waɗannan hukumomi suna da masu ɗaukar hoto nasu na kansu, masu hular kwano da izinin shiga inda ɗan jarida ba ya shiga, ana amfani da hotunansu wajen koyar da sababbin ma'aikata da binciken musabbabin wuta. Ba abu ne mai tsada ba in aka gwada shi da kuɗin mota guda, ya kuwa kamata hukumomin nan su dube shi, ko don su sami shaidar da za su kare kansu ranar da aka yi musu ca.

Yanzu da wayar hannu ta sa kowa ya zama mai hoto, wahalar ta sake kama. Kafin jiniya ta iso, ɗaruruwan mutane sun cika hanya, kowa ya ɗaga waya sama, direban motar ruwa yana ta oda ba mai matsawa, wani ma bai tuna ya kira lambar gaggawa ta 112 ba sai da ya gama aika hoton ga abokai. Duk da haka, a cikin wannan tarin akwai hoto mai daraja, shi ne na mintocin farko. Masu binciken gobara suna son sanin ta wace taga hayaƙi ya fara fita, wane launi ne da shi, wane shago ne ya fara kamawa, ƙofa a buɗe take ko a kulle, domin bayan rufi ya rufta an kuma zuba ruwa, yawancin wannan shaida ta tafi. Maƙwabci ko maigadin da ya ɗauki hoto kafin kowa ya iso, abin da ke cikin wayarsa ya fi na ɗan jaridar da ya zo daga baya amfani ga bincike, in dai ya kai shi ofishin 'yan kwana-kwana bai goge ba.